Yadda ake tsara wurare, gine-gine, benaye da ɗakuna a manhajar kula da kayan sadarwa

Manhajar da ake amfani da ita wajen lissafin kayan sadarwa da na cibiyar bayanai, irin su NetBox, Device42, openDCIM ko RackTables, ba ta karɓar sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ko suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) sai ta san inda za ta ajiye shi. Shi ya sa aikin farko shi ne gina jerin wurare: wurin kansa, ginin da ke cikinsa, bene, ɗaki, sannan rak ɗin da ke tsaye a ɗakin, wato kabad ɗin ƙarfen da ake jera na'urori a cikinsa. Ana iya gama wannan cikin yini guda, amma abin da aka shigar a ranar shi zai bi kowace na'ura, kowane kebul da kowane layin wuta na tsawon shekaru, kuma warware shi bayan an ɗora masa dubban na'urori aiki ne mai cin rai.

Akwai tambaya ɗaya da ya kamata a riƙa auna kowace shawara da ita. Idan na'ura ta mutu da tsakar dare, aka tura ma'aikacin da bai taɓa shiga ginin ba, abin da ke kan allo zai kai shi gabanta ba tare da ya kira kowa a waya ba? Duk matakin da bai taimaka wajen amsa wannan ba, bai cancanci shiga jerin ba.

Ka fara da sanin matakan da manhajarka ta tanada

Ba duka manhajojin ne ke kasa wurare iri ɗaya ba. NetBox, wadda Jeremy Stretch ya fara rubutawa a kamfanin DigitalOcean aka sake ta kyauta a 2016, tana da yanki a sama, sai wuri wanda take kira "Site", sai wani mataki mai suna "Location" da ake iya cusa shi cikin ɗan'uwansa sau nawa aka ga dama. Ba ta da wani abu na musamman mai suna gini ko bene. Kai ne za ka gina su da wannan matakin. Device42 tana tafiya daga gini zuwa ɗaki zuwa rak, don haka bene yakan shiga cikin sunan ɗakin. openDCIM tana kasa cibiyar bayanai zuwa shiyya da layi da kabad. RackTables kuwa wuri, layi, rak.

Misalan da ke gaba sun fi karkata ga NetBox saboda ita ce ke barin mutum ya yanke shawara da kansa, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Amma dalilan da ke bayan kowace shawara suna aiki a sauran.

Takarda da biro kafin kwamfuta

Ka nemi zanen ginin daga masu kula da shi, ka ɗauke shi ka zagaya da ƙafa. Zane yakan tsufa: an raba ɗaki biyu, an toshe ƙofa, an mayar da sito ɗakin sadarwa. Abin da za ka rubuta a kowane wuri shi ne lambar da ke jikin ƙofa, abin da aka rubuta a maɓallin lif, inda kebul ɗin kamfanin sadarwa ya shigo ginin, inda akwatunan rarraba wuta suke da sunayen da ke jikinsu, da wanda ke riƙe da makulli ko katin shiga. Ka zana dukan jerin a takarda ɗaya, ka nuna wa masu aikin sadarwa da masu aikin wuta da masu gadin ginin. Idan ɓangarorin uku suna kiran ɗaki ɗaya da sunaye uku, a nan ne za a sasanta, ba bayan an shigar ba.

Mene ne "wuri" guda?

Wannan ita ce shawara mafi nauyi. Ofishi ɗaya a gini ɗaya ba shi da rikici: adireshi ɗaya, wuri ɗaya. Rikicin yana tasowa ne a babbar haraba mai gine-gine da yawa, kamar jami'a ko asibiti ko masana'anta. Za a iya ɗaukar dukan harabar a matsayin wuri guda, gine-ginen su zauna a ƙarƙashinta, ko kuma kowane gini ya zama wuri mai zaman kansa a haɗa su cikin rukuni.

Abin da zai raba gardama shi ne yadda hanyar sadarwar take, ba girman filin ba. A NetBox ana iya ɗaure lambobin VLAN (ɓangarorin da ake kasa hanyar sadarwa ɗaya zuwa gare su) da rukunan adireshin IP (lambobin da ake gane na'urori da su a hanyar sadarwa) ga wuri, layukan da aka haya daga kamfanonin sadarwa suna ƙarewa ne a wuri, kuma ba a yarda na'urori biyu na mai su ɗaya su ɗauki suna ɗaya a wuri guda ba. Saboda haka idan gine-ginen suna haɗe da faibar da kuka ja da kanku, suna amfani da VLAN iri ɗaya, suna fita intanet ta ƙofa ɗaya, ka mai da harabar wuri guda. Idan kowane gini yana da layinsa na waje da tsarin adireshinsa, raba su ya fi. Wanda ya raba harabar da ke da VLAN ɗaya zuwa wurare goma zai tarar yana maimaita VLAN ɗin sau goma, ko yana barinsa a sake ba a ɗaure shi da komai ba.

Idan kuma kuna hayar fili ne a cibiyar bayanan wani kamfani, ginin nasu shi ne wurin, kejin ko ɗakin da suka ba ku shi ne mataki na ƙasa. Akwai gurbi na daban da ake rubuta lambar da masu ginin suke kiran wurin da ita. Kada a bar shi fayau, domin da wannan lambar ce kaɗai ma'aikatansu za su gane inda ake nufi idan an buɗe musu takardar neman taimako.

Yanki na ƙasa da birni ne kawai. Rukunin wurare kuma na aiki ne: rassa, cibiyoyin bayanai, wuraren abokan ciniki. Wuri ɗaya yana iya zama a cikin duka biyun, don haka babu dalilin cakuɗa su a bishiya ɗaya.

Suna

A nan ya kamata a ɓata lokaci. Doka ta farko: kada suna ya ɗauki abin da ke canzawa. "Ɗakin Sashen Kuɗi" zai zama ƙarya ranar da sashen ya koma wani bene. "Sabon Gini" zai tsufa. Sunan kamfanin da ya ba ku haya zai canza idan aka sayar da kamfanin. Mai wuri, aikin wuri da matsayinsa duk suna da gurabensu a manhajar. Suna na inda abu yake ne kawai.

Don lambar wuri, ya fi kyau a jingina da tsarin da duniya ta riga ta sani. Tsarin UN/LOCODE na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ba da haruffa biyar, biyu na ƙasa uku na gari: GBLON na Landan, DEFRA na Frankfurt. Sai a ƙara lamba a baya, DEFRA01, DEFRA02. Wasu na amfani da haruffa uku na filin jirgin sama, amma wannan yakan gaza a garin da ba shi da filin jirgi ko mai filaye da yawa. Daga nan kowane mataki ya gaji sunan na samansa: gini na biyu B02, bene na uku F03, ɗaki A, gaba ɗaya DEFRA01-B02-F03-A.

Maimaita sunan uwa a cikin sunan 'ya kamar ɓata wuri ne, tunda manhajar ta san wace ce a ƙarƙashin wace. Amma sunan ba a cikin manhajar kaɗai yake yawo ba. Yana fita a saƙon ƙararrawa, a takardar aiki, a jerin zaɓi mai saukowa, inda "Bene na 2" guda goma sha biyu za su jeru ba a san na wane gini ba ne.

A sa sifili a gaban lamba tun farko, 01 zuwa 99. NetBox tana iya jera 2 kafin 10 daidai, amma da zarar an fitar da bayanan zuwa wata manhaja sai 10 ta hau gaban 2. A guji harafin O da I a inda za a iya ɗaukarsu sifili da ɗaya. Sannan a san cewa kowane wuri yana da suna biyu: wanda ido ke gani, da gajeren suna da ke shiga adireshin shafi, wanda NetBox ke kira "slug". Na farkon zai iya ɗaukar sarari da haruffa masu ƙugiya irin ɗ da ƙ. Na biyun ya tsaya a haruffan boko marasa ƙugiya, lambobi da karan ɗori, kuma da zarar an sa shi kada a sake taɓa shi, domin na'urar sa ido da ƙananan shirye-shiryen da ke jan bayanai suna neman wurin ne da shi.

Ƙa'idar TIA-606, wadda ta tsara yadda ake yi wa kayan sadarwa lamba, ta kasa aikin aji huɗu: ɗaki ɗaya, gini ɗaya mai ɗakunan sadarwa da yawa, haraba, da wurare masu nisa da juna. A cikinta ana kiran ɗakin sadarwa da lambar bene da harafi, kamar 3A da 3B. Ko ba za a bi ta gaba ɗaya ba, aron wannan salon yana sa ɗan kwangilar da ya zo jan kebul ya gane tsarinku ba tare da dogon bayani ba.

Shigar da wurin

Ana farawa daga sama, domin ba a iya haifar 'ya kafin uwa: yanki, rukuni, sannan wuri. A shafin wurin akwai gurabe huɗu da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi.

Matsayi. NetBox tana da biyar: wanda ake shiryawa, wanda ake gwadawa, mai aiki, wanda ake kwashewa, da wanda aka rufe. Ka sa gaskiya. Idan na'urar sa ido tana jan jerin wurare masu aiki daga nan, wurin da ba a gama ginawa ba amma aka ce yana aiki zai cika ku da ƙararrawar banza.

Yankin lokaci. A zaɓi sunan yanki irin Europe/Berlin, ba tazarar sa'o'i ba, domin ƙasashen da ke canza agogo da bazara tazararsu tana sauyawa sau biyu a shekara. Da wannan ake lissafa lokacin da za a kashe na'ura don gyara.

Adireshi. Guda biyu ne: inda mutum zai je da inda za a kai kaya. A manyan gine-gine ƙofar sauke kaya takan kasance a wani titi dabam, kuma takan buƙaci a rubuta lambar keji ko ta takardar izini a jikin kwali.

Lambobin taswira. A rubuta su da ɗigo, ba da digiri da minti da daƙiƙa ba. Lambobi biyar bayan ɗigo suna kai mutum kusan mita ɗaya daga wurin, ya wadatar. Kuskure biyu ke faruwa: musanya latitud da longitud, da manta alamar ɗebewa ga wuraren kudu da na yamma. Danna mahaɗin taswira sau ɗaya bayan adanawa yana fallasa duka biyun.

Gine-gine da benaye

Ko da gini ɗaya ne a wurin, ka yi masa mataki nasa, B01. Ranar da aka ƙara na biyu ba za ka sake jera komai ba.

Bene yana da tarko. A Ingila da yawancin Turai hawan da ke daidai da titi ba shi da lamba ko kuma sifili ne, na samansa shi ne na ɗaya. A Amurka wanda ke daidai da titi shi ne na ɗaya. Wasu gine-ginen suna tsallake 13. Kada ka ƙirga da kanka: abin da ke rubuce a maɓallin lif da bangon matakala shi za ka shigar, domin shi ma'aikaci zai danna. Ƙarƙashin ƙasa ya samu nasa harafin, kamar U1 da U2, don kada ya yi karo da B na gini. Rabin bene da rufin sama, inda eriya da injinan sanyaya suke, su ma benaye ne a wannan lissafin.

Ramin da kebul ke bi daga ƙasa zuwa sama yana ratsa benaye duka, saboda haka ba na bene ɗaya ba ne. Idan babu na'ura a cikinsa, a rataye shi kai tsaye a ƙarƙashin gini. Idan a kowane bene yana da ƙofa da allon haɗa kebul, kowace ƙofa ta zama ɗaki a benenta. Abubuwan waje kuma, filin janareta, ramukan faiba, turakun kyamara, su zauna ƙarƙashin wurin, ba a cusa su cikin ginin da ya fi kusa da su ba.

Ɗakuna

Ba kowane ofishi ake shigarwa ba. Ɗakin da ya cancanta shi ne wanda na'ura ke zaune a cikinsa ko kebul ya ƙare a cikinsa: ɗakin da layukan waje suka shigo, babban ɗakin na'urori, ƙananan ɗakunan sadarwa na benaye, ɗakin UPS (na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke ta) da batura. A ƙara sito da ɗakin haɗa sababbin na'urori. Idan babu su a manhajar, na'urar da aka cire daga rak ba ta da inda za a ce tana nan, sai ta ɓace daga lissafi ko ta ci gaba da nunawa a gurbin da ta bari.

Ga kowane ɗakin sadarwa a rubuta ɓangaren benen da yake ciyarwa. Kebul ɗin jan ƙarfe da aka binne daga allon haɗawa zuwa soket ɗin bango bai kamata ya wuce mita 90 ba, mita 100 idan an haɗa da gajerun wayoyin ɓangarorin biyu. Dalilin da ya sa dogon bene ke da 3A da 3B ke nan. Wanda zai ƙara soket yana buƙatar sanin wanne ne nasa kafin ya ja waya.

Sauran bayanan, faɗi da tsawon ɗaki, tsayin ɗagaggen daɓe (wanda aka ɗaga don wayoyi da iska su bi ta ƙarƙashinsa), nauyin da daɓen ke iya ɗauka, ƙarfin sanyaya, faɗin ƙofa, yadda ake shiga, a yi musu gurabe na musamman maimakon a zuba su cikin akwatin sharhi, inda ba a iya tacewa ko lissafawa. Faɗin ƙofa da girman lif suna kama da ƙaramin abu har ranar da rak mai zurfin milimita 1200 ya iso. Idan akwai na'urar auna zafi, a ɗaure ta da ɗakin; shawarar ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine, ita ce iskar da ke shiga na'urori ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Selsiyos.

A babban ɗaki mai ɗagaggen daɓe, tayil ɗin kansa ma'auni ne, yawanci milimita 600 kowane gefe. A zaɓi kusurwa ɗaya ta zama mafari, a ba ɗaya gefen haruffa AA, AB, AC, ɗaya gefen lambobi, a rubuta su a bango. Rak ɗin da ke kan tayil AJ05 sunansa AJ05. A yanke tun farko wace kusurwar rak ake dubawa, misali ta gaba ta dama, domin rak mai faɗin milimita 800 yana hawa tayil fiye da ɗaya. Layukan rak su zama mataki na daban ne kawai idan ɗakin yana da layuka da yawa da ake lissafa wutarsu ko sanyinsu dabam-dabam. Ɗaki mai rak huɗu ba ya buƙatar hakan, kuma jerin da ya wuce mataki huɗu a ƙarƙashin wuri mutane sukan gaji da shi su fara jefa na'urori a duk inda hannu ya kai.

Rak da wuta

Ba a tabbatar ɗaki ya zauna daidai sai an sa masa rak da wuta. Faɗin gurbin ɗaura na'ura da aka saba shi ne inci 19, tsayi 42U; U shi ne ma'aunin tsayin gurbi ɗaya, milimita 44.45. Yawancin rak ana ƙirga su daga ƙasa zuwa sama, amma akwai masu farawa daga sama. Ka duba lambobin da ke jikin ƙarfen ka daidaita manhajar da su, in ba haka ba duk zanen zai fito a kife.

Akwatin rarraba wuta a ɗaure shi da ɗakin da yake a zahiri, ko da wani ɗakin yake ciyarwa. Kowane layin da ya fito daga cikinsa zuwa rak a shigar da ƙarfinsa. NetBox tana ɗaukar kashi 80 cikin ɗari a matsayin iyakar amfani idan ba a canza ba: layi mai fas ɗaya (waya ɗaya mai ɗauke da wuta), volt 230 da amfiya 32, yana ba da kusan kVA 5.9 (kVA ma'aunin ƙarfin wuta ne), mai fas uku a volt 400 da amfiya 32 kuma kusan kVA 17.7. Idan rak yana da layin wuta biyu, A da B, don ɗaya ya riƙe idan ɗaya ya mutu, a tabbatar daga akwatuna biyu suka fito. Wannan shigarwar ce takan tona cewa layukan biyu da ake taƙama da su bireka ɗaya ke riƙe da su a sama.

Shigar da yawa a lokaci guda

Wurare fiye da ashirin ba a shigar da su da hannu. Ana amfani da fayil ɗin CSV, wato jadawalin rubutu zalla da waƙafi ke raba ginshiƙansa. A ɗauki kwafin ajiya na rumbun bayanan tukuna. A shigar da fayil ɗaya ga kowane mataki, bi da bi: wurare, gine-gine, benaye, ɗakuna, rak. A gwada da layi biyar kafin a tura sauran.

Matsalolin sanannu ne. Excel yakan mayar da 01 zuwa 1, ya ɗauki 1-2 a matsayin kwanan wata, ya karanta 3E2 a matsayin 300, don haka a mayar da ginshiƙan rubutu zalla kafin a cika su, a kuma buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu mai sauƙi a duba. A adana da tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffa masu ƙugiya za su dagule. Adireshin da ke da waƙafi a ciki sai an kewaye shi da alamar zance. Idan shigarwar ta tsaya tana cewa ta samu abu fiye da ɗaya mai wannan suna, sunayen benaye ne suka maimaitu. A nemo uwar da gajeren sunanta ko lambarta ta cikin manhaja, wanda NetBox ta yarda da shi ta hanyar rubuta kan ginshiƙi kamar site.slug.

Bayan an gama

Izinin ƙirƙira ko goge wuri, gini da ɗaki ya tsaya a hannun mutum biyu ko uku. Sauran su iya ƙara na'ura da kebul. Idan kowa na iya ƙirƙirar ɗaki, cikin wata shida za a samu ɗaki ɗaya da sunaye biyu, na'urorinsa a rabe tsakaninsu.

A buga sunan da ke manhajar a manna a ƙofar kowane ɗaki da gaba da bayan kowane rak, harafi da harafi. Sannan a ba wanda bai sa hannu a aikin ba sunayen na'urori goma da aka zaɓa ba tare da tsari ba, ya nemo su da abin da ke allo kawai. Duk inda ya tsaya yana tambaya, a gyara wannan gurbin a ranar.

Idan an tashi daga wani wuri, kada a goge shi. A mai da matsayinsa wanda ake kwashewa, a ƙaurar da na'urori zuwa sito ko sabon ɗaki, a rufe layukan haya da na wuta, sannan a sa masa matsayin rufaffe. NetBox ma ba za ta bari a goge wurin da har yanzu rak ko na'ura ke rataye da shi ba. Lambarsa kuma kada a sake ba wani wurin, domin tsofaffin takardun aiki da kwangiloli suna nan suna nuni da ita. Sabon wuri a garin ya ɗauki lamba ta gaba.